Gwargwadon Idon Hajiya

Kakata Hajiya Rabi ba ta iya neman alfarma ba. Umarni ta iya bayarwa, shi kam ta ƙware a kansa. Saboda haka ranar da muka dawo daga asibitin ido ta kira ni ɗakinta ta fara da cewa, "Fiddausi, in ba damuwa," sai na san akwai magana. Tun da nake ban taɓa jin ta tambayi damuwar mutum kafin ta aike shi ba.

Likita bai ɓoye mana komai ba. Idon dama ya daɗe da tafiya, na hagun ma ya kama hanya. Hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Abin da ya rage mata yanzu kamar mai leƙe ta bututu ne, shi ma dishi-dishi. Magani zai rage wa ciwon gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. Hajiya ta saurari wannan duka tana gyara mayafinta, har ta yi wa likitan faɗa a kan rigarsa da ba a goge ba.

A ɗakin ta sa na janyo mata wani tsohon gwangwanin alawa daga ƙarƙashin gado. Ta lalubo katin aikin kakanmu Bala, na lokacin da yake haƙar kuza a Naraguta. Ramin kuza ne ya rufta da shi tun mahaifinmu yana rarrafe, kuma hoton da ke jikin katin nan shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Bai wuce girman babban yatsa ba, ya koɗe, gefensa ɗaya tambarin kamfani ya cinye.

"Ina so in ga Malam," in ji ta. Ba ta taɓa kama sunansa ba. "In na rufe ido ina jin muryarsa. Har gyaran muryar da yake yi a zaure ina ji. Fuskar ce ba ta zuwa. Ban ma san ranar da ta ɓace mini ba, na saki jiki ne tunda ga hoto a gwangwani. Yanzu hoton ma in na duba toka-toka kawai nake gani. In duhun nan ya rufe ban riƙe fuskar ba, to shi ke nan na rasa ta."

Na ce mata wannan ai abu ne mai sauƙi. Ƙarya nake, ban san ta inda zan fara ba, kuma tausayinta ya cika mini ciki har na kasa kallon ta.

Ƙanena Badruddeen ne ya fara karɓar aikin. Ɗalibi ne a jami'a, kuma a wurinsa babu matsalar da waya ba ta magani. Ya ɗauki hoton katin, ya zuba shi a wata manhaja mai gyaran tsofaffin hotuna, ya kai wani shagon kwamfuta a Titin Bauchi aka buga masa. Mai shagon kuma ya ga farin fili ya rage a gefen takarda, sai ya ja hoton ta faɗi don ya cika ta. Abin da ya dawo gida wani mutum ne mai kumatu, fata sumul, haƙora a jere kamar na tallan man goge baki.

Hajiya ta kai takardar bakin taga, ta matso da ita, ta nisanta ta, ta daɗe tana fama. Sannan ta yi tsaki.

"Mijin wace ce wannan? Ku mayar mata da abinta. Kuma ya yi mini fari-fari, sai na yi ta ƙura ido."

Ni malamar Turanci ce a wata sakandare, kuma akwai wata kalma da nake shan fama da yara a kanta kowace shekara, wato proportionately. Doguwa ce, ba ta da farin jini, harshen yara a tsakiyarta yake tuntuɓe. Asalinta daga Latin ne, inda suke cewa pro portione, ma'ana gwargwadon rabon kowane ɓangare. Bature yana kawo ta ne in abu ya ƙaru ko ya ragu, abokin tafiyarsa kuma ya bi shi daidai gwargwado. An ninka shinkafa, a ninka ruwa. An ƙara wa hoto tsawo, a ƙara masa faɗi da irin wannan ma'aunin, ba yadda mai shago ya ga dama ba. Duk wannan na zazzage wa Badruddeen a tsakar gida, kaina ya ɗau zafi, har da rubuta masa kalmar a iska da yatsa.

Ya bari na gama, ya ce, "To Yaya, tunda kin san sunan abin, ki zana mana."

Ban iya zana ko kofi ba, ya kuma sani.

Wani maƙwabcinmu direban gingimari ne ya ce mu nemi Baba Mwadkon, mai zanen motoci. Ya ce duk zakin da muka taɓa gani a bayan babbar mota tsakanin Jos da Bauchi, in dai ya yi kama da zaki ba kare ba, to hannunsa ne. Na same shi a wata rumfar kwano bayan tasha, cikin gwangwanayen fenti, da hular sanyi har kunne, ana yayyafi. Dattijo ne siriri, ba ya gaggawar komai. Sitika ta cinye kasuwarsa, yanzu allunan shaguna yake rubutawa.

Ya goge hannunsa sosai kafin ya karɓi katin. Ya ɗauko gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ya duƙa a kan hoton har na fara zaton ya manta da ni.

"Ɗan kuza ne," in ji shi. "Baba na ma ya yi wannan aiki. Mama ya ce yana so ya gan shi?"

Hausarsa irin ta Jos ce, mace da namiji duk hanya ɗaya suke bi. Na ce masa eh, na gaya masa halin da idonta yake ciki, na kuma nuna masa abin da Badruddeen ya kawo. Ya yi dariya har da tari.

"Waya ya ba shi kyau da ba nasa ba. Ni ba na gyara mutum, Malama. Abin da yana nan shi zan sa. In hanci ya karkace, zai karkace."

Muka yi shawara, ni da shi, cewa tunda idon ya yi rauni sai a yi hoton babba, babba ƙwarai, yadda ko daga zaure za ta hango. Dukanmu biyu mun ga hankali a cikin wannan. Washegari muka je kasuwar Katako ya zaɓi allon katako mai tsayin ƙofa. Sai da ya ƙwanƙwasa alluna da yawa yana kara kunne, masu sayarwa suna ta yi masa tsiya wai ko aure zai yi da allon. Ko a jikinsa.

Daga nan duk ranar da na tashi daga makaranta sai na biya rumfar, wai don in ga inda aka kwana, alhali kallon aikin ne ya kama ni. Bai taɓa katin da alƙalami ba. Ya ɗora masa wata leda mai gani-har-hanji, ya zana ƙananan gidaje a kanta da bakin allura, layi-layi, tsaye da kwance. A kan babban allon kuma ya tsoma zare a garin alli, ya miƙe shi, ya ɗaga ya saki, layi ya fito ɗoɗar. Yawan gidajen da ke kan ledar shi ne yawan na kan allon, girma ne kawai ya bambanta. Abin da ke gida na farko a ƙaramin hoto shi zai shiga gida na farko a babban, ba ƙari ba ragi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kife hoton da ya yi. Katin kai ƙasa, allon ma kai ƙasa, haka yake aikin. Na tambaye shi dalili.

"In na duba shi a tsaye, hannu na zai zana ido da ya sani, hanci da ya sani. Na zana fuska da yawa, duk suna cikin hannun nan, suna jira su fito. In na juya shi, ba na ganin mutum. Ina ganin nan baƙi, nan fari, nan ya lanƙwasa kaɗan. Sai in bi gida-gida. Shi mai fuskar zai fito da kansa."

Na tsaya ina kallon dattijon nan yana hana hannunsa nuna gwaninta, don kada ya saka wa wata tsohuwa da bai taɓa gani ba mijin da ba nata ba. Wallahi sai na ji ya ƙara girma a idona. Inda tambarin kamfani ya cinye kafaɗa bai ƙirƙiro kafaɗa ba, inuwa ya bar wurin. Ya ce abin da bai gani ba, ba zai rantse a kansa ba.

Ranar da ya juya allon ya tsayar da shi daidai, sai ga mutum. Doguwar fuska, ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙanƙanta, goshin mahaifinmu sak.

A bayan a-kori-kura muka kawo shi gida, an rufe shi da zane saboda yayyafi, Baba Mwadkon yana riƙe da shi kamar majinyaci. Unguwa ta taru. Aka jingina allon da bangon tsakar gida, aka fito da Hajiya aka zaunar a kujera, Badruddeen ya yaye zanen. Mata suka hau salati, wata tsohuwa da ta san marigayin ta fashe da kuka tana cewa shi ne, wallahi shi ne.

Hajiya ta ƙura wa allon ido. Kanta kawai ke motsi, sama, ƙasa, hagu, dama, a hankali.

"Ga kunne," in ji ta. Kan ya ƙara motsawa. "Wannan kuma ido ne? Ina ɗayan?" Ta nemo shi, ta samu, amma kafin nan na farkon ya fita daga ganinta. Ta koma neman baki. Muna tsaye muna kallonta tana bin fuskar mijinta gunduwa-gunduwa, duk wadda ta kama sai ta baya ta suɓuce.

Badruddeen ya ce a matsar da allon baya. Aka kai shi ƙarshen tsakar gida, ba ta canja ba. Aka fita da shi ta zaure har bakin titi, aka juyo da kujerarta tana fuskantar ƙofa. Daga can ya shiga cikin ganinta gaba ɗaya, amma nisa ya narkar da shi.

"Wani abu dai na gani a tsaye," ta ce. Sannan ta ɗaga murya yadda mai zanen zai ji. "An gode, bawan Allah. Kowa ya ce ya yi kyau, na kuma yarda. Allah ya yi albarka. Ku kai ni ɗaki."

Wannan godiyar ta fi zagi ciwo. Da ta yi tsaki irin nata da na fi samun sauƙi. Jama'a suka watse sumui-sumui, ni kuwa na zauna a bakin rijiya, haushin kaina ya ishe ni. Likita da bakinsa ya ce mini bututu, ni kuma na je na auno mata ƙofa.

Baba Mwadkon bai tafi ba. Yana tsugune gaban allonsa, ya cire hular sanyin yana murza ta.

"Na auna hoto da allo," in ji shi, ba tare da ya dube ni ba. "Ban auna Mama ba."

Na gaya masa yadda likita ya kwatanta ganin nata. Na kuma tuna cewa takardar Badruddeen, duk da ƙaryar da ke cikinta, Hajiya ta gan ta gaba ɗaya har ta ƙi ta. Ya gyaɗa kai, ya miƙe, ya ce a samo masa kwali da gawayi, a kuma roƙi Mama ta ba shi izinin shiga.

Da ƙyar ta yarda. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Mama, ka yi haƙuri, laifi na ne. Ina da tambaya ɗaya. Lokacin da oga yana da rai, in kana so ka dube shi da kyau, a ina yake zama?"

Na zaci za ta kore shi. Wa ke yi wa Hajiya Rabi irin wannan tambaya? Sai na ga ta sunkuyar da kai kamar amarya.

"Mu a zamaninmu ba a ƙura wa miji ido," ta ce. "Sai dai in na kawo masa abinci. Yana ci, hankalinsa na kan kwano, ni kuma ina gefen tabarma ina yi masa fifita. Nan ne nake satar kallo."

"Nuna mini wurin."

Ta sa aka shimfiɗa tabarma, ta sauko daga gado ta zauna a gefe ɗaya, ta nuna ɗaya gefen da hannu. Baba Mwadkon ya zauna daidai nan. Ya yanka kwalin nan manya da ƙanana, ya shafa wa kusurwoyi huɗu na kowanne gawayi. Ya ɗaga babba a gaban fuskarsa.

"Mama, kar ka motsa kai. Baƙi nawa kana gani?"

"Ko ɗaya."

Ya ɗaga na biye. Ta ce ɗaya, da rabin wani. Haka suka yi ta yi, yana ragewa, tana faɗa, wani lokaci tana yi masa gardama wai hannunsa ne ke rawa. Har ya ɗaga wani ta ce, "Huɗu. Ga su nan duka." Ya sauke kwalin ya dube shi, ya kara shi a fuskarsa. Daga goshinsa zuwa haɓa ya rufe, bai bar komai ba sai kunnuwa.

"Ashe girman mutum ne," in ji shi, yana dariya. "Duk wahala da mun sha a Katako."

Ya koma rumfarsa ya sake sabon aiki daga farko. Ledar nan dai, gidajen nan dai, kai ƙasa kamar da, sai dai allon yanzu bai fi faranti ba. Wannan karon ya ƙarfafa baƙin ya ƙarfafa farin, ya share duk abin da ke bayan kan don kada idonta ya ɓata ƙarfinsa a banza. Kullum sai na ce masa ya yi sauri, don na lura Hajiya ta fara laluben kofin shayinta a inda da take ɗauka kai tsaye. Kullum sai ya ce mini yana sauri. Har ga Allah ban ga alama ba, amma na daina ganin allunan shaguna a rumfar, ya ture su gefe duka.

Da hantsi ya kawo shi, ranar da rana ta samu ta leƙo bayan kwanaki ana ruwa. Ba mu gaya wa kowa ba. Daga ni sai Badruddeen sai shi. Muka shimfiɗa tabarmar a bakin ƙofar ɗakinta inda haske ke faɗowa, ta zauna a gefenta, ya jingina hoton da tukunya a ɗaya gefen, ya ɗaga shi da bulo har ya kai tsayin mutum a zaune. Sannan ya ja da baya ya fita tsakar gida, ya juya mana baya.

Kan Hajiya bai motsa ba. Wannan na fara lura da shi. Idon nan ɗaya ya tsaya cak a wuri guda, ya daɗe.

"Allah sarki," ta ce a hankali. "Ashe yaro ne."



"Yaro ne ƙarami. Badruddeen ma ya girme shi." Ta kai hannu kamar za ta taɓa, ta fasa. "Ranar nan an kwana ana ruwa. Na ce masa kada ya shiga ramin, ƙasa ta jiƙa. Ya ce in bai shiga ba wani za a ba wurinsa. Shekara da shekaru ina jin haushinsa, ina cewa babban mutum da shi, da iyali, ya ƙi jin magana. Ni ina ta tsufa, ina tsufar da shi tare da ni a raina." Ta ƙara duban hoton. "Ashe ɗan yaro ne yake tsoron a kore shi daga aiki."

Badruddeen ya sulale ya fita, na ji shi yana jan hanci a bayan ƙofa. Ni ban iya tashi ba, hawaye kawai nake sharewa da bakin mayafi.

Ta ci gaba da kallo. Can sai ta rufe idon, ta ɗan jima, ta buɗe ta sake dubawa, kamar mai hardar karatu. Ta rufe, ta buɗe. Ta rufe, ta buɗe. A karo na ƙarshe ta rufe ba ta buɗe ba. Hasken ya matsa daga kan tabarmar ya hau bango, tana nan zaune, hannayenta a kan gwiwa.

Haƙurina ya ƙare. Na matsa kusa da ita na ce, "Hajiya, ya zo?"

Ba ta buɗe idon ba.

"Ki yi mini shiru, Fiddausi," in ji ta. "Kallo nake."